Maki ya taru, kujera ta ƙi samuwa: wane tsarin jirgi ya dace da matafiyin Kebbi?

A tsakiyar Sha'aban ɗin da ya wuce kawuna ya aika a kira ni shagonsa a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Na tarar da shi zaune kan bandir na shadda, tabarau ya zamo har karan hanci, yana ta shafa waya da yatsa ɗaya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini.

"Ɗana, duba min wanga abu. Shekara huɗu ina tara shi. Umara nake so, goman ƙarshe, ni da Hajiya da yaran nan biyu."

Makin da ke cikin asusunsa, wato ladan da kamfanin jirgi ke tara wa mai yawan hawa don ya yanki tikiti da shi a madadin kuɗi, ba na wasa ba ne, don mutum ne da ke zuwa sarin kaya waje sau uku, wani lokaci sau huɗu a shekara. Muka shiga nema. Ranar ashirin ga azumi babu, sha tara babu, sha biyar babu. Muka rage mutane daga huɗu zuwa biyu, shiru. Da muka mayar mutum ɗaya sai kujera ta leƙo, amma a Shawwal. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, da na sauya neman zuwa tikitin kuɗi, sai ga kujeru birjik a jirgin da aka ce babu wuri. Ya cire tabarau ya ce, "To su wa ke zama bisa waɗanga kujeru, aljannu?"

Ba zaluntarsa shi kaɗai aka yi ba, haka tsarin yake. Kamfanin jirgi ba ya kallon kujerun jirginsa a matsayin abu ɗaya. Ya karkasa su aji-aji, kowane aji da harafinsa da farashinsa, kuma kujerar maki aji ce mai zaman kanta. A kamfanonin ƙawancen Star Alliance, wato wata gamayyar kamfanonin jiragen sama da ke karɓar makin juna, harafin X ne na kujerar maki a ɓangaren gama-gari, I kuma na ɓangaren manya. Kwamfutar kamfani ce ke lissafin kujeru nawa take sa ran sayarwa da kuɗi, wanda take ganin zai yi kwantai shi take sakin wa masu maki. Duk mai sayar da kaya ya san wannan hikima: ba a yin gyara da hajar da ake layi a kanta. Jirgin Jidda a goman ƙarshe kuwa ai shi ne hajar da ake layi a kanta. Haka jirgin Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba, lokacin babbar baje-kolin Canton, haka jirgin Landan a ƙarshen shekara.

Saboda haka, kafin ka tambayi wane kamfani ne ya fi ba da maki, fara tambayar kanka: ina nake zuwa, a wane wata, kuma mu nawa ne?

Mu nan muna da wata matsala da mutumin Legas bai sani ba. Filin jirginmu na Sir Ahmadu Bello yana ɗaukar alhazai, har ma daga nan jirgin farko na aikin Hajjin 2024 ya tashi, amma manyan kamfanonin waje ba sa sauka nan a kan jadawali. Dole mutum ya kai kansa Kano ko Abuja. Wato tikitin maki daga can yake farawa, kuɗin mota ko na jirgin cikin gida daga aljihunka ne, kuma idan jirgin cikin gida ya makara har na waje ya tashi, babu wanda za ka riƙe, tunda tikiti biyu ne daban. Kujerar da aka saki ana gobe tafiya tana da amfani ga wanda ke zaune a Sabon Gari. Ga mutumin Kamba ko Yauri, wanda kuma ba zai yarda ya bi hanya da dare ba, kusan daidai take da babu.

A kan haka ne nake auna tsare-tsaren.

Wanda yawancin 'yan kasuwarmu za su fi cin moriya, a ganina, shi ne wani daga cikin dangin Star Alliance. Ethiopian da tsarinsa ShebaMiles, EgyptAir da EgyptAir Plus, Turkish da Miles&Smiles, duk gida ɗaya suke. Ethiopian ya shiga ƙawancen a 2011, sauran biyun a 2008. Fa'idar ita ce lambar asusu ɗaya ta wadatar: ka hau na Habasha yau, ka hau na Masar bayan wata uku, ka zuba makin duka a tukunya ɗaya, sannan ka nemi kujera a kowannensu. Ethiopian da EgyptAir duk suna sauka Kano da Abuja, kuma daga Addis Ababa ko Alƙahira akwai hanyar Jidda, Dubai da Guangzhou. Idan ƙofa ɗaya ta rufe, akwai wata da za ka ƙwanƙwasa. Sai dai kamfani ya fi sakin kujera ga 'yan tsarinsa, abin da ya rage yake nuna wa abokan ƙawance, don haka buɗe asusun a kamfanin da ka fi hawa. Makin Turkish kuma yana da wa'adin shekara uku, ba irin wanda ake binnewa a manta ba ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne rarraba ƙafa. Mutum yana da kati uku na kamfanoni uku da ke ƙawance ɗaya, kowane da ɗan maki kaɗan, babu wanda ya isa ko zuwa Alƙahira.

Na biyu shi ne Avios, makin da Qatar Airways ya koma amfani da shi a 2022, wanda tun da farko na British Airways ne. Abubuwa biyu suka sa nake ganin ƙimarsa. Na farko, ana iya kwashe shi daga asusun Qatar zuwa na British Airways ko a dawo da shi, ɗaya a bakin ɗaya. Na biyu, ba ya mutuwa muddin asusun ya motsa, ko da shiga ko fita, a cikin wata 36. Ga wanda ke fita sau ɗaya a shekara, wannan babban abu ne. Qatar yana zuwa Abuja, ya kuma fara zuwa Kano a 2022. British Airways kuwa ya yi abin da ba kowa ke yi ba: ya ɗauki alkawarin ware kujerun maki aƙalla 14 a kowane jirginsa mai dogon zango, takwas a gama-gari, biyu a ajin tsakiya, huɗu a na manya, kuma yana buɗe su kwana 355 kafin tafiya. Mai ɗa da ke karatu a Ingila, wanda ya san ranar hutu tun farkon shekara, nan ne wurinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne harajin da ake ɗorawa a kan tikitin, musamman na tashi daga Landan, wanda da kuɗi ake biyansa ba da maki ba.

Wanda tafiyarsa duk Makka da Madina ce zai ce, to me ya kai ni zagaye ta Doha ko Addis Ababa? Yana da gaskiya. Saudia na da tsarin Alfursan, yana cikin ƙawancen SkyTeam tun 2012 tare da Air France, KLM da Kenya Airways, kuma jirgin Kano zuwa Jidda kai tsaye rahama ne ga tsofaffi. Amma a kula: tikitin Umara da ake saye cikin jimla ta hannun kamfanin yawon ibada, da jirgin shata na Hajji, galibi ba su kawo maki, ko su kawo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai zuwa Umara kowace shekara cikin ayari zai iya shekara biyar asusunsa na nan kamar rijiyar rani.

Emirates da tsarinsa Skywards na sa shi a baya, ba don rashin kyau ba. Ba ya cikin ɗayan manyan ƙawancen uku, wato Star Alliance, SkyTeam da oneworld, makinsa na da wa'adin shekara uku, ga kuma darasin da aka koya: a ƙarshen 2022 ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo ba sai Oktoban 2024, kuma Legas ya dawo. Wanda ya tara makinsa can ya ga yadda abu ke zama naka amma hannunka bai kai ba. Daga Kebbi zuwa Legas don kama jirgin kyauta, riba ta tafi a hanya.

Na cikin gida, irin Peace Advantage na Air Peace, ba shi da wani dogon lissafi. Rajista kyauta ce, a yi, in ya taru ya rage zafin tikitin Abuja.

Yanzu ga batun lokaci, wanda shi ne ya kayar da kawuna. Yawancin kamfanoni suna buɗe sayar da tikiti kimanin wata sha ɗaya zuwa sha biyu kafin tafiya. Shekarar Musulunci kwana 354 ce. Ka ga ke nan, kujerun azumin baɗi suna buɗewa ne a cikin azumin bana ko jim kaɗan bayan Sallah. Lokacin da ake raba goron Sallah, lokacin ne mai niyyar Umara da maki ya kamata ya zauna da wayarsa, ba Sha'aban ba. Na san wannan ya saɓa wa al'adarmu, mun saba sai abu ya matso, sai an ga yadda kasuwa ta kaya, sai an sayar da shinkafa ko albasa. To amma masu tsarin ba da kalandarmu suke aiki ba. Kafin ka kama kujera da wuri haka, duba nawa ake cira idan ka fasa ko ka sauya rana, tunda biza ba a hannunka take ba. Taga ta biyu tana buɗewa ne a makonni biyu na ƙarshe, lokacin da kamfani ya fid da rai da sayar da wasu kujeru, amma wannan caca ce, ba a ɗora tafiyar iyali a kanta.

Kujera huɗu a jirgi ɗaya kuwa da wuya. Nemi ɗaya ko biyu da maki, sauran da kuɗi, a jirgi guda. Nemi zuwa daban, dawowa daban. Gwada Talata da Laraba. Idan Jidda ta cushe, gwada Madina. Kuma kada ka yarda da manhaja kaɗai, wani lokaci tana nuna kujerar da in ka danna sai ta ɓace, wani lokaci kuma ma'aikacin ofis yana ganin wadda ba ta nuna ba.

Ko an samu kujerar, a yi lissafi kafin a yi murna. A misali kawai: tikitin kuɗi naira miliyan ɗaya, na maki kuma ana neman maki dubu hamsin da harajin naira dubu ɗari huɗu. Abin da makinka ya saya maka dubu ɗari shida ne, wato naira sha biyu kowane maki. Yi irin wannan rabawa a tafiya biyu ko uku, za ka ga inda makin ya fi daraja. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, harajin nan da ake lissafawa da dala ya zama abin dubawa sosai, kuma sai da katin banki mai aiki a waje. Wasu tsare-tsaren, kamar Flying Blue na Air France da KLM, ba su cika cewa babu ba, sai dai su tsawwala makin yadda kai da kanka za ka haƙura. Akwai kuma haɗa maki da kuɗi, wanda Qatar da Emirates ke yi: kujera tabbas, amma makin a nan yake fi araha.

Ga ɗan kasuwa, ni ina ganin tikitin kyauta ma ba shi ne babbar riba ba. Matsayi ne. Wanda ya kai matakin zinare a Star Alliance ana ba shi ƙarin kaya, kilo 20 ko jaka ɗaya, ga ɗakin hutu a filin jirgi, ga shiga jirgi da wuri. Wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli yana zazzage jaka yana cusa takalma a ledar hannu ya san darajar kilo ashirin. Wannan kuma ba ya jiran a saki kujera, duk tafiya naka ne. Haka ɗaga tikiti daga gama-gari zuwa ajin manya da maki yakan fi sauƙin samu a lokacin da ba cunkoso, sai dai tikiti mafi araha sau da yawa ba a ɗaga shi, a tambaya tun wurin saye.

Ƙananan abubuwa ne ke zubar da maki a nan wajenmu. Ejan ya yanke tikiti bai sa lambarka ba. Sunan asusu Muhammadu, na fasfo Mohammed. A tsaya a kan ejan ya sa lamba, a kuma adana guntun katin shiga jirgi, don ana iya neman makin bayan an dawo, cikin wa'adin da kamfani ya yanka. Masu tallan maki a WhatsApp kuwa a yi nesa da su, sayar da maki ya saɓa wa ƙa'idar kamfanoni, suna iya soke tikitin kana tsaye a filin jirgi su rufe asusun.

Kawuna dai da kuɗi ya kai iyalinsa Umara. Makin ya yi amfani da shi a watan Yuni, shi kaɗai, tafiyar sari, kujera ta samu ranar Laraba ba tare da wata wahala ba. Ranar Sallah da na je gaishe shi, ina durƙusawa ya laluba aljihu, na ɗauka barka da Sallah ce, sai ya miƙo waya.

"Zauna nan, ɗana. Ka ce yanzu suke buɗe na baɗi ko? To duba muna biyu, ni da Hajiya. Yaran su jira."