Tsohon ma'aunin Yale ko sabo: wanne za a fassara?

Malama, kin ce kina shirin bincike kan jarabar abinci, kin tarar ma'aunin Yale, wato takardar tambayoyin da ake auna jarabar da ita, iri biyu ne, kina tambayar wanne za ki fassara wa mutanen da ba sa jin Turanci. Ni dai sabon zan ce ki ɗauka, amma shi ne zai fi ba ki wahala.

Tsohon, wato YFAS, ya fito a 2009 daga Jami'ar Yale ta Amurka, aikin Ashley Gearhardt da William Corbin da Kelly Brownell. Tambayoyi 25 ne. Sun ɗauko alamomi 7 na wanda shaye-shaye ya kama, kamar yadda kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-IV, ya zayyana su, suka ɗora a kan abinci: mutum ya ci fiye da yadda ya yi niyya, ya sha ƙoƙarin ragewa ya kasa, ya shiga ƙunci idan bai samu ba, da sauransu. Sai an samu alamomi 3, kuma abin yana damunsa ko yana dagula masa rayuwa, kafin a ce ya kamu. Hukuncin ko akwai ne ko babu.

A 2013 kundin ya koma DSM-5, alamomin suka zama 11, shi ya sa a 2016 aka fitar da YFAS 2.0 mai tambayoyi 35. Huɗun da aka ƙara su ne matsanancin kwaɗayi, saɓani da mutane saboda ci, gaza sauke nauyin gida ko na aiki, da ci a yanayin da ke da haɗari. Ya kuma kasa abin gida uku: alama 2 zuwa 3 mai sauƙi, 4 zuwa 5 matsakaici, 6 zuwa sama mai tsanani. Dukansu biyun watanni 12 da suka wuce suke tambaya a kai.

Wajen fassara ne bambancin ke fitowa. Wasu daga cikin tambayoyin tsohon na eh ko a'a ne, waɗanda ba su da wuyar juyawa. Sabon kuwa kowace tambaya amsoshi 8 ne, daga wanda bai taɓa ba har wanda kullum ne, kuma kowace tambaya da yawan da za a kai kafin a ƙirga ta alama. To idan fassara ta sa "sau ɗaya a wata" da "sau biyu ko uku a wata" suka zama abu guda a kunnen mai amsa, musamman in karanta masa ake yi, lissafin ya lalace ke ba ki sani ba. Ga kuma tambayar haɗari, wadda cikin misalanta akwai ci ana tuƙa mota. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, yana iya amsa cewa bai taɓa yi ba, ko da abin ya fi ƙarfinsa.

Matsala ɗaya suka yi tarayya a kai: misalan abincin da ke saman takardar na teburin Amurkawa ne, su askirim da cakulan da fiza. Dole ki musanya su da abin da mutanen ke ci mai yawan sukari ko maiƙo, ki kuma faɗi haka a rahotonki.

Ko wanne kika zaɓa, fassara kaɗai ba ta isa a ce ma'auni ya inganta ba. Mutum biyu su fassara daban-daban, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a gwada. Sannan ki zauna da 'yan mutane kaɗan, ki ce kowa ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta. Wannan matakin aka fi tsallakewa, alhali a nan ake kama kuskure. Daga nan sai a ba mutanen nan dai takardar karo na biyu bayan kamar mako biyu, a ga ko amsa ta tsaya, a kuma duba da lissafi ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa. Kada ki manta, DSM-5 ɗin kansa bai lissafa jarabar abinci cikin cututtuka ba, don haka ki yi hattara da kiran masu amsa marasa lafiya.

In 35 sun yi yawa, akwai taƙaitaccen sabon na 2017 mai tambayoyi 13. Tsohon kuwa, amfaninsa yanzu sai in kina son gwada sakamakonki da binciken da aka yi kafin 2016.