Zirin kamun ƙusa na rufin mota mai naɗewa: wanda ya riƙe da wanda ya saki a Legas

Duk wanda ya kware tsohon tamfol daga mota mai buɗaɗɗen sama, irin su Ford Mustang na da, zai tarar da wani ziri kwance cikin kwarmin ƙarfe, a goshin rufin da kuma baya inda tamfol ke haɗuwa da jikin mota. A cikinsa ake harba ƙusar sitefula. Na asali kwali ne da aka matse, kuma damshin Legas ba ya raga masa: kana taɓa shi yana marmashewa. Ɗora sabon tamfol a kansa asarar kuɗi ce.

Abu uku muka yi aiki da su a gareji a madadin wannan kwali.

Robar tafin takalmi ta kasuwar fata ta Mushin ita ce mafi araha, ita ce kuma ta fi ba da kunya. Ƙusa na shiga cikin sauƙi, haka kuma take fita. Da rana ta gasa rufin aka ja shi aka kulle, sai ƙusoshi su riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, tamfol ya yi tattara a gefen gilashin baya. A bar wa masu takalmi abinsu.

Fambel kuwa, wato bel ɗin injin mota, ya yi abin a yaba, kuma ko'ina a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ana samunsa. Zaren da ke cikinsa yana cije ƙusa ya ƙi saki. Mai lamba A faɗinsa milimita 13 ne, kaurinsa 8. Mai lamba B kuma 17 da 11. Matsalarsa siffa: ƙasansa ya fi samansa siranta, don haka yana rawa cikin kwarmi in ba a kama shi da ribit ba, wato ƙusar da ake matsewa ta haɗe shi da ƙarfe. A sayi sabo, mara haƙora. Tsohon da ya sha baƙin mai, gam ba ya kama shi, kuma yana iya ɓata tamfol mai haske.

Wanda ya fi su duka shi ne zirin roba mai tauri da ake yi musamman don wannan aiki, ana odarsa daga Amurka. Yana zama daram, yana riƙe ƙusa, ruwa bai dame shi ba. Amma da inci ake sayar da shi, kuma nan mutane ke yin kuskure. Rabin inci milimita 12.7 ne. A auna faɗi da zurfin kowane kwarmi daban, domin na goshi da na baya ba lalle su zo ɗaya ba. Idan zirin ya ɗara bakin kwarmi, zai yi tudu ƙarƙashin tamfol. Idan ya nutse, ƙusa ba za ta matse yadin ba. Wajen lanƙwasa, a tsoma shi cikin ruwan zafi na ƴan mintoci, a sa shi tun da ɗuminsa.

Kafin a sa kowanne, a kankare tsatsar kwarmin da samfefa, a shafa fenti, a bari ya bushe. Gam kaɗai ba ya isa a zafin nan. A ƙara da ribit duk bayan santimita 10 zuwa 15, a nutsar da kansa don kada ya ci tamfol.

Sai ƙusa, wadda masu ɗinkin kujerun mota da yawa ke rainawa. Motar da ke kwana a Lekki ko Ikoyi iskar teku take sha, ƙusar baƙin ƙarfe kuma kafin damina biyu ta zubo da jan tsatsa a kan yadi. A nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ƙafa milimita 6 zuwa 8. In ta fi kaurin zirin tsawo, za ta daki ƙarfen ƙasa ta lanƙwashe, ka ga kamar ta kama alhali ba ta riƙe komai ba.

Ga mai gaggawa, fambel ya wadatar a goshi. A baya, inda jan ya fi ƙarfi kuma ruwa ke taruwa, gara a jira na odar ya iso.