Motar Gida a Arewacin Norwe: Amsa ga Yaya Alhaji

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara da duk mutanenmu na Agege. Saƙonka na murya ya same ni muna kan hanya, wanda ka ce in tambayo maka kuɗin irin motar da ka gani a hoto, ko za a samu ta hannu a ɗoro ta jirgin ruwa zuwa Apapa, ka riƙa kai iyali Kano da ita lokacin Sallah. Na ƙi amsa maka a tsaitsaye. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan tirelar shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba ba a gaya masa zancen mota da rabin baki, shi ya sa na bari sai da muka dawo Oslo na zauna.

Motar haya muka ɗauka, ni da maman yara da yaran uku, ƙarshen watan Yuni da aka ba su hutu. Mutanen nan bobil suke ce mata. Girmanta bai kai kosta ba, kuma muddin nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, lasin ƙaramar mota ya wadatar. A ciki akwai gadaje, da murhun gas, da firiji, da ɗan banɗaki wanda ƙato irinka sai ya shiga a kaikaice. Tankin ruwanta wajen lita ɗari ne. Da alwalar mutum biyar da wanke-wanke, kwana biyu yake yi mana ya ƙare.

To nan ne abin da nake son ka duba. Motar ba ta iya riƙe kanta fiye da kwana biyu ko uku. Dole ka samu inda za ka cika ruwa mai tsabta, inda za ka juye akwatin masai, da inda za ka jona wuta batir ya cika. Duk wannan an tanade shi a bakin hanya. Akwai zango-zango na masu irin motar, ka biya kuɗin kwana a nuna maka fili da soket, ga wurin wanka da ruwan zafi, ga injin wanki. Wasu gidajen mai ma suna da ramin juye masai. Ruwan famfo kuwa shi muka sha tun daga Oslo har ƙarshen ƙasar, ko sau ɗaya ban sayi na roba don tsoron ciwon ciki ba. Na yi ta lissafa hanyarka a raina, Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, ina neman wuri ɗaya da za ka faka da mata da yara ka kwana a cikin mota hankalinka kwance, ban samu ba. Kai ka fi ni sanin dalili.

Babbar hanyar arewa ita ce E6. Daga Oslo zuwa Nordkapp, can ƙarshen ƙasar ta arewa, tafiyar wajen kilomita 2,000 ce, kusan Legas zuwa Kano sau biyu. Kada ka ɗauka wata shimfiɗeɗiya ce. Yawancinta layi biyu ne kawai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, ga kwana ga hawa, kuma bayan gari ba a wuce gudun 80 sai inda allo ya ce. Fitila a kunne take ko da rana tsaka, doka ce. Kuɗin hanya akwai shi, amma babu shinge babu mai miƙo hannu: kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, lissafin ya biyo ka daga baya. Kwana goma sha shida muka yi, ba wanda ya ɗaga mana hannu ya ce ina takardu.

Bayan Mo i Rana muka hau tsaunin Saltfjellet, inda layin da'irar Aktik ya ratsa. Daga can rana ta daina faɗuwa. Yaya, gani ya kori ji. Ƙarfe goma sha biyun dare auta na zaune a bakin ƙofar mota tana zane, ba fitila, hasken kamar na bayan la'asar sakaliya. Abin da ya dame ni salla ce, don babu magariba balle asuba da ido zai gani. Da muka isa Tromso na je masallacin Alnor na tambaya, aka ce mini a irin waɗannan watanni da lokacin Makka suke amfani. Shi muka bi da agogo, muna ƙasaru.

Amma kafin Tromso sai da muka ratse. Daga Bodo muka shigar da motar jirgin fito, tafiyar awa uku da wani abu, zuwa tsibiran Lofoten. A wani ƙauyen masunta muka sauko, wani wari ya daki hancin maman yara, ta tsaya cak ta ce, "Wallahi warin kasuwar Oyingbo!" Muka zagaya bayan wani sito, sai ga rumfunan katako dogaye, an rataye kawunan kifi an ɗaure su dami-dami da igiya, dubbai, bakinsu a buɗe, iska na kaɗa su suna ƙwas-ƙwas. Busasshen kifin nan ne da Yarabawa ke ce wa panla, Ibo su ce okporoko. Ana kama shi da hunturu, a rataye tun wajen Fabrairu, sanyi da iska su busar da shi ba gishiri ba hayaƙi, a sauke a watan Yuni. Gangar jikin mai kyau yawanci Italiya ake kai ta, kawunan kuma Najeriya. Wani dattijo da ke aiki a wurin da ya ji daga Legas muke, sai ya ajiye abin hannunsa ya zo ya gaisa da mu. Na daɗe a tsaye a wurin. Shekara nawa ina ganin kan kifin nan a tire a Mile 12, ban taɓa tunanin zan tsaya a ƙarƙashin rumfar da ya bushe ba.

Cefane kuwa sai dai haƙuri. Kaya masu kyau ne, madara da ƙwai da kifi ba ka shakkar su, farashi a rubuce babu ciniki. Amma tsada, kada ka soma juya kurona zuwa naira, abincin ba zai haɗiyu ba. Naman halal ya yi wuya da zarar ka bar manyan garuruwa, don haka tun daga unguwar Gronland a Oslo muka cika firiji, da ya ƙare muka koma kifi. Burodinsu mai nauyi ne, mai tsaba-tsaba, yara suka yi ta zancen burodin Agege. Manyan kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi. Babu mai shayi, babu mai tsire, babu yarinya da farantin gyaɗa a bakin titi. In ba ka saya da wuri ba, ka kwana da abin da ke cikin motarka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na zauna. Ran Asabar da yamma mun bar Alta, muna kan tudun Sennalandet, fili fetal ba bishiya ba gida, sai dabbobin Sami suna kiwo. Sami su ne makiyayan yankin, kamar Fulaninmu, dabbar tasu mai kama da gwanki ce da ƙaho rassa-rassa, kowacce da shaidar mai ita a kunne. Ina kauce wa wasu da suka hau titi, tayar baya ta taka wani abu a gefe ta yage. Na buɗe ko'ina ina neman safaya, babu. Kamfanin hayar ɗan famfo da robar gam kawai suka saka, abin da ba ya maganin yagewa, kuma ba wanda ya gaya mini ran da na karɓi makulli. Na kira lambar agaji, aka amsa nan take cikin ladabi, aka ce janwe na zuwa. Awa huɗu muka yi. Sauron wurin kuma ya fi na Ajegunle naci, ko ƙofa ba mu iya buɗewa. Motoci suka yi ta wucewa jefi-jefi, mutum ɗaya ya tsaya, da ya ji mun riga mun kira sai ya yi mana fatan alheri ya tafi. Janwe ya mai da mu Alta, gareji a rufe sai Litinin, kuma da Litinin ta zo aka ce ba a faci a irin wannan, sabuwa za a saka. Kuɗin aikin hannu kaɗai, na minti talatin, ya isa a yi wa tirelarka sabis.

A awa huɗun nan kai na yi ta tunawa. Da a Mokwa ne, kafin ka gama buga jak wani ya ɗauko mai faci a babur, wani direban da bai san ka ba ya ara maka safaya a kan ka bar masa ita a tasha. Na yi kewar wannan har cikin raina, kuma ban ga abin da zai maye gurbinsa a nan ba, duk da tsarinsu.

Mun dai ƙarasa. Ana shiga tsibirin da Nordkapp yake ta rami ƙarƙashin teku, tsawonsa kusan kilomita 7, zurfinsa mita 212, an buɗe shi a 1999. A ƙarshe dutse ne mai tsayin mita 307 a kan teku, daga shi ba sauran titi. Hazo muka tarar, sai wajen ɗayan dare ya yaye, yara suka ga rana a tsaye a kan ruwa.

Shawarata kada ka saya, Yaya. Ko ka biya kuɗin jirgi da na kwastan ta fito lafiya, ƙasanta ba shi da tsayi, jikinta kwali-kwali ne marar nauyi, an yi ta don riƙe ɗumi, zafin Jebba zai mai da ita tanda. Famfonta da na'urar firijinta in suka lalace, ban san ko za ka same su a Ladipo ba. Kuɗin ka ƙara a kan bas mai kyau wadda kowane bakanike ya san cikinta.

Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taso wata mai zuwa, zan turo maka lambarsa. Don Allah Hajiya ta haɗo mana yaji da kuka da daddawa, a ƙulle sosai. Kilishi kada a saka, ba a bari a shigo da nama, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ka gaida Baba Liman, ka ce masa ina da tambaya a kan sallolin da muka yi da lokacin Makka, zan kira shi ran Juma'a bayan an sauko.