Sharhina a kan kayan canza taya da nake yawo da su a but

Assalamu alaikum jama'a. Kaya huɗu na siya a Kofar Ruwa saboda matsalar faci a hanya, wato sufana mai kuros, jak na mai, ɗan famfon iska da ake jonawa a wajen laita (ramin wutar kunna taba na cikin mota), sai kayan toshe faci na taya tubles, wato mara tif a ciki. Sun ga damina sun ga rani a but ɗina, dan haka yanzu zan iya faɗin wanda ya biya kuɗinsa da wanda bai biya ba. Motata Corolla ce ƙirar 2006 'yar Kwatano, kuma yawanci hanyar Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna nake bi, wani lokacin in leƙa Funtuwa. Ba zan saka farashi ba saboda yadda kaya suke tashi yanzu, abin da na biya ba shi za ku biya ba.

Abin da yasa na siya tun farko shine kayan da mota take zuwa da su, wannan 'yar gajeriyar sufanar mai lanƙwasa da jak mai wainawa, an yi su ne da tunanin cewa notin tayarka an ɗaure shi daidai gwargwado. Toh mu kuma a nan ba haka ake ɗaure noti ba. Ka kai mota wajen mai faci, in ya gama sai ya zura bututun ƙarfe a sufana ya hau kai da ƙafa yana dannawa har sai notin yayi ƙara, shi a ganinsa alheri yake maka kar taya ta fice, kuma ban ga laifin niyyarsa ba, amma ranar da kayi faci a inda babu kowa sai kai da iyalinka, wallahi wannan 'yar sufanar ko motsa notin ba za ta yi ba, sai dai ta zame ta cinye masa kai, kuma in kan noti ya cinye shikenan ko safayarka sabuwa ce fil ba ta da amfani. Wannan ita ce ainihin matsalar da mutane basa magana a kai, kowa jak yake tambaya, alhali aikin tun a noti yake tsayawa.

Sufana mai kuros ɗin ita ce na fi yabawa a cikin ƙarafan. Baki huɗu gareta, 17 da 19 da 21 da 23. Corolla da Camry 21 suke ci, yawancin Honda 19, Golf kuma 17, kaga kenan ko wani ka tsaya taimakawa a hanya za ta yi masa. Daɗinta shine hannu biyu kake sawa, ɗaya na dannawa ƙasa ɗaya na ɗagowa sama, sai ƙarfin ya tafi daidai a kan notin bata zamewa gefe. Amma dan Allah ku ɗaga ta ku ji nauyinta kafin ku biya, akwai masu sheƙi marasa nauyi da na gani a hannun mutane sun lanƙwashe a wajen waldar tsakiya. Sannan in rim ɗinka na alminiyom ne ka gwada bakin a ramin notin tun a kasuwa, wasu bakunan sunyi kauri basa shiga. Tawa ta shiga amma da ƙyar, tana ɗan goge fentin rim ɗin, wannan ne kawai aibinta a wajena. Duk da haka ban jefar da tsohuwar sufanar ba, na samo mata bututun ƙarfe mai tsawon hannu da yake shiga ƙotarta, na kwance noti mai taurin kai ne kawai, ba na ɗaurewa ba. Da wannan bututun uwargida ta kwance noti da kanta a tsakar gida ba tare da ta sha wahala ba, kuma wannan ya kwantar min da hankali sosai saboda tana fita da motar ita da yara.

Wani abu kuma, in motarka tana da irin notin nan na hana sata guda ɗaya a kowace taya, ka tabbatar makullinsa yana cikin motar. Motocin Beljiyam da yawa suna zuwa da notin amma babu makullin, gara a cire su a saka na gama-gari tun kana cikin gari.

Jak na mai kam gaskiya ra'ayina a rabe yake. Nawa mai tan 2 ne, mai siffar kwalba. Wajen ɗagawa babu magana, kana ɗan danna sandar motar na tashi, ba gumi ba ciwon baya. Matsalar ita ce in taya ta sace gaba ɗaya ƙaramar mota irin tawa sauka take yi ƙasa sosai, sai kaga jak ɗin ya fi tsawon gurbin da ya rage, baya shiga ƙarƙashi sam. Dabarar da nake yi ita ce in ajiye katako a gaban tayar da tayi facin in taka shi a hankali, motar ta ɗan tashi sannan jak ya samu shiga. Bayan haka kansa ɗan ƙarami ne zagayayye, in ka saka shi a wannan siririn ƙarfen na gefen mota inda aka yi tsaga biyu dan jak, yana iya lotsa shi. Kuma baya son kwanciya, in ya kwanta a but sai ya dinga tsiyayar da mai, dole ka nema masa inda zai tsaya a tsaye. Mai Hilux ko wata babbar mota mai tsayi zai ji daɗinsa, mai ƙaramar mota kuma in jak ɗinsa na asali lafiyarsa ƙalau, ya shafa wa zaren giris ya riƙe kuɗinsa. Ni yanzu duka biyun nake ɗauka, amma da zan sake siya ba zan fara da shi ba.

Katakon nan da na ambata, wanda ko sisi ban biya ba a wajen kafinta na roƙo shi, ya fi jak ɗin amfani. Gefen titunanmu yashi ne ko jar ƙasa, da damina kuma taɓo, in ka kafa jak a kai kana ɗagawa shi kuma yana nutsewa ko ya karkace, kuma karkacewar jak ita ce take kayar da mota a kan mutum. Katako mai kauri da faɗi kamar tafin hannu biyu, guda biyu, ɗaya ƙarƙashin jak ɗaya na takawa. Sai ka ja birkin hannu, ka saka giya, ka tokare tayar da take can ɗaya kusurwar da dutse. Ka sassauta notunan tun motar tana ƙasa kafin ka ɗaga. In ka ciro tayar ka tura ta ƙarƙashin gefen motar har sai ka saka safaya, ko da jak ya zame a kanta motar zata sauka. Kar ka shiga ƙarƙashi, kar ka bar yaro ya leƙa. Wajen ɗaurewa kuma ana tsallakawa ne, wannan noti sai na ɗaya ɓangaren, ba a bi da layi, sannan a ƙarasa matsewa bayan an sauke.

Yanzu famfon iska. Wannan shine wanda da za'a ce in zaɓi ɗaya bayan sufana shi zan ɗauka. Yawancin facin da na gani ba fashewa bane, ƙusa ce ko wani ƙarfe ya shiga iska tana fita a hankali. In haka ne ba sai ka ciro jak ba ma, ka jona famfo ka cika ta ka ja zuwa gari na gaba inda akwai mai faci da mutane. Duk wanda yake bin hanyoyinmu ya san akwai wuraren da ba'a son tsayuwa musamman da magariba tayi, kuma bambancin tsayuwar 'yan mintuna da ta rabin awa kana durƙushe da jak ba ƙarami bane in iyalinka suna cikin mota. Nawa na 12V ne, yana cika taya daga sacewa zuwa daidai cikin abin da bai kai minti goma ba. Aibinsa kuwa, ƙara gareshi sosai, kuma yana zafi har baka iya taɓa bakin tiyon, dole in ya cika ɗaya ka barshi ya huce kafin ta biyu. Ka bar injin mota a kunne lokacin da yake aiki saboda batir, kuma ka ajiye fiyus na laita ko biyu a mota dan yana iya ƙona shi. Wayarsa da ƙyar take kai tayar baya. Gejin auna iska na jikinsa ma ban yarda dashi ba, yana nuna sama da gaskiya in yana cikin aiki, sai da na siyi ɗan geji daban.

Gejin nan ya nuna min wani abu. A jikin ƙofar direba akwai takarda da kamfani ya manna, mai nuna yawan iskar da taya take buƙata, tawa 30 aka rubuta, amma in ka bar wa masu faci da yawa sai su dura 45 ko 50, ga zafin kwalta na watan Maris da Afrilu, ga lodi. Yanzu ni nake duba abuna da safe kafin tayoyin suyi zafi. Har da safaya, domin safayar da aka manta da ita a but sacewa take yi a hankali. In irin siririyar nan ce ita 60 take sha, kuma an rubuta a jikinta kar a wuce gudun kilomita 80, ta kai ka wajen gyara ce kawai. Ku duba shekararta ma, lambobi huɗu ne a gefen taya bayan rubutun DOT, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. 'Yan Rod Sefti shekara 4 suke ƙirgawa taya daga ranar da aka yi ta.

Kayan toshe faci ɗin, wato ƙarfen huda da allura da igiyoyin roba masu danƙo, suna aiki amma da sharaɗi. Sai ramin yana saman taya inda take taka ƙasa, kuma ƙarami irin na ƙusa. In ramin titi ka faɗa gefen tayar ya yage ko ya kumbura babu abin da zasu yi maka. Suna son ƙarfin hannu sosai, kuma babu filaya a cikin fakitin alhali sai da ita zaka zare ƙusar. Igiyoyin kuma zafin but yana busar dasu, in sun bushe basa kamawa. Wanda na toshe ya riƙe har na kai gida, amma duk da haka na kai an cire tayar an yi facin ta ciki.

Sauran tarkacen, si-koshin (alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa a titi in mota ta tsaya) da abin kashe gobara dama hukumar FRSC, wato 'yan Rod Sefti, tana tambayarsu tare da safaya da jak da sufana, lambarsu ta gaggawa kuma 122 ce. Si-koshin ɗin ku samu mai nauyin ƙafa, mara nauyi tirela ɗaya in ta wuce iskarta ta kifar dashi, kuma a kai shi nesa da mota sosai ba a gindinta ba, ganyen da ake zubawa a titi da daddare ba mai ganinsa. Tocila ta goshi tafi ta waya saboda hannu biyu kake buƙata kuma cajin wayarka na kira ne. Sai safar hannu, da kwali ko tsohuwar tabarma ta durƙusawa, da jarkar ruwa.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da sufana mai kyau da katako da geji, sai famfo in hali ya samu, kayan toshewa a bayansu, jak na mai a ƙarshe. Kuma duk abin da ka siya ka gwada shi a ƙofar gida ranar da baka da uzuri, ka kwance kowane noti ka mayar da hannunka. Famfon ne kawai nake shirin canzawa, ina neman irin mai kama kan batir kai tsaye da doguwar waya, saboda matsalar fiyus ɗin nan da tayar baya.