Dillalin bashin gida a Accra: aikinsa ya gamsar da ni

Na nemi taimakon wani dillalin bashin gida a Accra lokacin da na yi niyyar barin haya a unguwar Nima, kuma na gamsu da aikinsa. Ya ɗauki takardar albashina da bayanan asusuna, ya kwatanta tayin bankuna, sannan ya gargaɗe ni da kada in karɓi bashin dala alhali ana biyana da sidi, kuɗin Ghana, domin duk faɗuwar sidi za ta ƙara nauyin biyan wata-wata. Shi ne ya sanar da ni cewa dokar fansho ta 2008 ta ba ma'aikaci damar jingina kuɗin fanshonsa na mataki na biyu, wato kason da kamfanonin fansho masu zaman kansu ke kula da shi, don mallakar gidan zama.

Abin da ya fi burge ni shi ne nacewarsa kan binciken takardun filin a Hukumar Filaye kafin in ba da ko kafin alƙalami, saboda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne a Accra. Sai dai ladarsa tana da tsada. Batun riba kuwa, ya faɗa mini gaskiya cewa bashin na ruwa ne, ya ce in tuntuɓi malamai.