Irin shinkafa mai rage iskar metan: wanne za ka saya bana?

Tun da aka fara cewa fadamar shinkafa na fitar da iskar metan mai ɗumama duniya, wasu masu sayar da iri suka samu sabuwar waƙa, wai suna da irin da ke rage iskar. Abin da ke faruwa shi ne, idan ruwa ya daɗe kwance a gona, iska ba ta shiga laka, sai ƙananan halittu su ci ruɓaɓɓen kara da abin da saiwa ke zubarwa, su fitar da metan.

Masana a jami'ar noma ta Suwidin da ke Uppsala, da abokan aikinsu na China, sun fito da SUSIBA2 a 2015, shinkafar da aka sanya wa ƙwayar halittar sha'ir. A 2025 kuma suka bayyana wani irin da aka samu ta barbara kawai, wanda a gwajin gonaki a China ya rage iskar da kusan kashi 70 cikin 100. Duka biyun ba su shigo kasuwarmu ba. Duk wanda ya ce yana da su a shago, kuɗinka yake so.

A cikin abin da ke hannu, ni dai FARO 44 nake saye, wadda manoman Kura da Kebbi ke kira Sipi. Tana nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, ka ga kwanakin da gona za ta yi cikin ruwa sun ragu, kuɗin man injin ban-ruwa ma haka. Ƙwayarta doguwa ce, masu injin casa ba sa yi mata gardama. Ta kuma dace da dabarar ba ruwa a ɗauke ruwa: ka kafa bututun roba mai huji, tsawon santimita 30, sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ka sake sakin ruwa. Amma fa kada ka bar ta da ƙishi lokacin da take fitar da kai.

FARO 52 tana da auki, sai dai jiranta da tsawo. FARO 66 da 67 na masu fama da ambaliya ne, irin na kwarin Haɗejia.

Inda ake cin mutane shi ne buhu. An taɓa sayar mini da shinkafar kasuwa da aka shafa wa jan launi aka ɗinke a buhun kamfani; rabin gonar ta nuna, rabi na kore, tsuntsaye suka yi biki. Duba takardar shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC, ka kankare lambar da ke jikinta ka tura ta saƙon waya don tantancewa tun kana tsaye a shagon. Duba ɗinkin bakin buhu, ko an farke an sake. Zuba tafi ɗaya a hannu, in ka ga gajere da dogo a cakuɗe, ko jar shinkafa a ciki, ajiye masa kayansa. Kafin ka zuba rainon iri kuma, nannaɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, mayar da buhun da rasit ɗinka a hannu.