Mai gyaran famfon da ya fitar da mu kunya a Winnipeg

Janairun bara sanyin birnin Winnipeg da ke Kanada ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, bututun da ke fitar da ruwan wanke-wankenmu ya daskare. Ruwa ya dawo cikin kicin, ga wari. Ashe ni na jawo: na bar famfo yana ɗiga da dare, ɗigon nan kuwa shi ke taruwa ya zama ƙanƙara.

Maƙwabciyata ta haɗa ni da wani dattijo marar surutu. Ya narkar da ƙanƙarar da ruwan zafi, ya gyara gangaren bututun, ya bi jikinsa da wayar ɗumamawa ta lantarki, ya lulluɓe da soso. Ya makara da awa biyu, kuma kuɗinsa da zafi, gaskiya. Amma bana ko sau ɗaya bututun bai toshe ba.